Littafin Asibi na Bakwai

Laraba, 9 ga Yuni 1971, bayan an tashi makaranta

Kafinta ya zo ya gyara ƙofar ɗakin Yaya Kumai. Ya tambaye ni me ya same ta, na ce iska ce. Ya dubi sakatar, ya dube ni, ya ci gaba da buga ƙusarsa.

Emilia, matar Yaya, ta tafi gidansu Fadan Kaje shekaranjiya, ta ɗauki 'yarsu Larai. An ɗaure wa yarinyar hannu a asibiti, sun ce ƙashin 'yar shekara huɗu ba ya daɗewa bai haɗe ba. Iyakar abin da zan rubuta ke nan game da ranar Lahadi.

Ga abin da ya sa na ɗauko biro. Da safe na sayo ƙosai wurin Kubra a bakin tasha, na ajiye wa Yaya a ƙofa kamar kullum. Da na dawo ɗaukar kwano sai na tarar ƙosan yana nan, takardar da aka ƙunso shi ce babu. Tana kan gwiwarsa, yana ta shafa ta da tafin hannu. Duk mai ya ɓata ta, amma ana ganin zanen: yarinya a bayan zakara, sun yi sama, gidajen ƙauye sun zama ƙanana a ƙarƙashinsu.

Ya ce, "Asibi ce."

Tun da aka sallame shi daga soja bara, ban ji ya faɗi magana don kansa yana so ba, sai yau.

Littattafan Asibi da Zakaran Tagulla. Guda bakwai ne. Shi ya riƙa karanta mini su ina ƙarama, a gindin mangwaron bayan gida, yana canza murya. Namu gara ta cinye su a akwati tun yana can gabas wurin yaƙi. Maɗaba'ar da ke buga su a Jos ta rufe tuntuni.

Zan nemo su. Duka bakwai ɗin.

Alhamis, 10 ga Yuni, da azahar

Kubra ta ce ita ba ta karanta takarda, ƙunsa kawai take yi. Da ƙyar ta bar ni na birkice tulin da ke ƙarƙashin teburinta. Shafi biyu na samu, na littafi na biyu, Kasuwar Birai.

"Ayya, Malama Afiniki, da jiya da sassafe kika tambaya, ai har da bangonsa. Fasinjojin jirgin ƙasa na Jos suka tafi da sauran."

Na ji kamar in kifar mata da kaskon. Ta ce wurin Alhaji Mijinyawa take sayen takardu, can ƙarshen kasuwa.

Asabar, 12 ga Yuni, da yamma

Na wuni a rumbun Alhaji Mijinyawa. Buhu-buhu na tsofaffin takardu, na makarantu da na mishan, kashin ɓera ko'ina. Ya ba ni kujera 'yar tsugunne ya ce in tona da kaina, shi ba zai iya wannan aikin ba.

Na samu na ɗaya da na uku. Na ukun, Kogin da Ke Hawan Dutse, bugun farko ne, mai koren bango, zanensa duk suna nan, tsatsar wayar ɗinki ce kawai ta ɗan kama tsakiya. Na ɗayan kuwa bugu na biyu ne, mai ruwan ɗorawa, wanda suka cire zane don tsimin takarda. Ina amfanin Zakaran Tagulla ba a ga zakaran ba?

Alhaji ya ga ina tsaki ya ce, "Malama, ba labarin ɗaya ba ne?"

Na ce ba ɗaya ba ne.

Ya ce to, ni na sani. Ya ce in wani ya sake faɗowa a buhu zai ware mini.

Yaya bai fito ba yau.

Lahadi, 13 ga Yuni, bayan sujada

Fasto ya yi addu'a don "wani gida da ke cikin gwaji". Bai faɗi suna ba, amma rabin majami'a sun buɗe ido ɗaya sun dubi bencinmu. Mama ta sunkuyar da kai har aka tashi.

Baba Meshak ya biyo mu gida. Tun rasuwar Babanmu, shi ƙanensa, shi ne mai magana a gidan nan, kuma yana son a san haka. Ya zauna ya ce akwai wani mutum a bayan dutse, hanyar Kagoro, yana maganin irin wannan. Ya ce ya warkar da sojoji da yawa.

Na ce, "Baba, an ce mari yake sa wa mutane a ƙafa."

"To? Gara mari da abin da ya faru."

Na ce akwai likitoci a Kaduna masu duba irin wannan ciwo. Ya ce in an kai mutum can, sunan gidan ya ɓaci ke nan, wa zai auri 'ya'yanmu. Na ce dattijon ikkilisiya ne shi, yaya zai kai ɗansa wurin boka. Bai kamata in faɗa ba. Ya miƙe ya ce karatu ya cika mini kai, kuma da zarar ya gama aikin citta a gona zai kawo mota.

Mama ba ta ce uffan ba. Kullum ba ta cewa uffan.

Litinin, 14 ga Yuni, da la'asar

Hadari ya haɗu ta gabas, ya watse bai zubo ba. Na gode wa Ubangiji.

Laraba, 16 ga Yuni, da yamma

Na ja kujera ƙofar ɗakinsa na fara karanta na ɗaya da ƙarfi. Ƙofar a rufe. Na karanta yadda Asibi ta tono zakaran a gonar doya, yadda ta goge shi da toka har ya buɗe ido. Shiru. Kajin gida kaɗai ke saurarona, sai Mama da ke leƙowa daga madafa kamar ni ce mara lafiyar.

Da na zo inda zakaran ya fara magana, sai na ji daga ciki:

"Ba haka yake magana ba. Ta hanci yake yi."

Na toshe hanci na sake karantawa. Sai na ji gado ya yi ƙara, ya matso kusa da ƙofa.

Jumma'a, 18 ga Yuni, da safe

Ruwa jiya da rana, da tsawa. Ba zan rubuta ba. Mama ta kwana gidan maƙwabta. Kwanuka biyu sun fashe. Littattafan ba abin da ya same su, suna cikin jakata.

Asabar, 19 ga Yuni, da yamma

Na je garin Gidan Waya. An ce mini wani tsohon hedimasta, Mista Alexander, yana tara irin waɗannan littattafai. Motar ta maƙale a laka, muka sauka muka tura.

Gaskiya ne, yana da su. Na ɗaya har na shida, duk masu koren bango, a jere cikin kabad mai gilashi, da makulli. Sai da ya sa na wanke hannu da sabulu kafin ya bar ni na taɓa ɗaya. Na roƙe shi aro. Na ce ɗan'uwana ba shi da lafiya. Ya ce Allah ya ba shi sauƙi, amma littafi in ya fita gida ba ya dawowa. Sai ya hau yi mini lacca a kan bambancin bugun farko da na biyu, kamar ban sani ba.

Sai ya ga na ukuna. Nasa bangon baya ya yage. Ya juya nawa, ya shinshina shi, ya ce a yi musaya: ya ba ni nasa yagaggen, ya ƙara mini da na huɗu da na biyar masu ruwan ɗorawa da yake da su a kwali. Na san cutata ya yi. Na karɓa.

Na tambaye shi na bakwai. Ya cire tabarau ya goge.

"Na bakwai. E, wannan yana da wuyar samu ƙwarai. Na taɓa riƙe shi a hannuna, a Zariya. Ba kowa ya san da shi ba."

Na tambayi kalar bangonsa, ya ce ya manta. Mutumin da ya san inda kowace waya ta yi tsatsa a kabad ɗinsa, wai ya manta.

Amma dai akwai shi. Abin da nake so in ji ke nan.

Talata, 22 ga Yuni, da yamma

Hedimastanmu ya kira ni ofis. Wai ina barin aji da wuri, wai an gan ni a kasuwa ina tonon shara. Na ce to, Sa. Na ce ba zan ƙara ba, Sa.

An tashi na wuce kantin mishan. Babu. Ɗakin karatu na gari. Babu. Matar da ke wurin ba ta ma taɓa jin sunan ba, ta miƙo mini wani littafin Turanci mai hoton zomo da riga.

Laraba, 23 ga Yuni, da yamma

Na gama karanta masa na ɗaya, na tsallake zuwa na uku tunda babu na biyu. Daga ciki ya ce, "Kin tsallake birai." Ya ƙi ji. Na zauna da littafi a buɗe kamar wawuya.

Yaya bai fito ba.

Asabar, 26 ga Yuni, da yamma

Fadan Kaje. Na kai wa Larai alewa da riga. Da ta ji muryata a waje sai ta gudu bayan rumbu, ta zaci tare muke da babanta. Da ƙyar kakarta ta lallaso ta. Hannun yana rataye a wuya da ɗankwali. Ta tambaye ni ko babanta yana fushi da ita har yanzu. Na ce bai taɓa fushi da ita ba. Ba ta yarda ba.

Emilia ta rame. Muna zaune a tsakar gida na yi kuskure na tambaye ta ko a makarantar garinsu akwai tsofaffin littattafai. Ta ajiye tiren da take tsince acca.

"Littafi? Afiniki, littafi kika zo nema?"

Na yi ƙoƙarin bayani. Na ce yana amsawa in na karanta. Ta ce ita ma yana amsa mata, da, kafin hadari ya taso.

Abin da ta faɗa bayan nan zan rubuta shi don ita ta faɗa, ba ni ba. Ta ce, "Na san ba dukanta ya yi niyya ba. Ɓoye ta yake yi. Yana ta ihu ku kwanta, ku kwanta, ya danne ta ƙarƙashin gado, ya ƙi saki. Na sani. Shi ya sa nake tsoro. Mai fushi ana ba shi haƙuri. Wannan me zan ce masa?"

Ta ce ba ta bar aurenta ba, amma ba za ta mai da yarinyar gidan ba sai an yi wani abu na gaske. Ta nanata "na gaske" tana kallon jakata.

A hanyar dawowa na tsaya makarantar garin duk da haka. Babu.

Litinin, 28 ga Yuni, da azahar

Babu a Zonkwa. Babu, babu, babu. Takalmina ya tsinke.

Laraba, 30 ga Yuni, da la'asar

Alhaji Mijinyawa ya tare ni a kasuwa. Ya ciro na biyu daga aljihun babbar riga, cikakke, koren bango, ya naɗe shi a leda don ruwa. Ya ƙi karɓar komai. Ya ce shi ma ya karanta shi jiya, birai sun ba shi dariya, musamman sarkin awonsu.

Sai ya ce, "Malama, me ya sa kike wahalar da kanki? Ai mutumin da ya kawo littattafan nan garin nan ya dawo. Gregory. Yana da ɗan tebur a bayan tasha."

Na ce na gode.

Na sani. Kowa ya sani. Tun watan jiya nake zagayawa ta ɗaya hanyar don kada in wuce ta gaban teburin. Kantinsa na da yanzu wani ne a ciki yana sayar da siminti. Ina 'yar makarantar horon malamai shekarar da aka yi rikici, shi da sauran mutanen gabas suka gudu, na ga takardu suna yawo a titi har bakin kwata. Sannan Yaya ya sa kaki ya bi bayansu. Da wace fuska zan je in ce Oga Gregory, ina neman tatsuniya?

Alhamis, 1 ga Yuli, da safe

Baba Meshak ya aiko. Ya kusa gama citta. Ya yi magana da mai mota, Lahadi ta sama.

Ina da biyar. Saura na shida da na bakwai. Ban ma san me nake tsammani zai faru in sun cika ba. Kada wani ya tambaye ni.

Asabar, 3 ga Yuli, da yamma

Na je.

Ya tsufa ƙwarai, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Teburin ɗan ƙarami ne: littattafan rubutu, fensir, kalanda, ambulan. Shi da matarsa suka dawo. Ban tambayi yaran ba, yara maza biyu ne da.

Tun daga nesa ya gane ni. "Afiniki! Ƙanwar Kumai! Ke ce kika zama ticha?" Hausarsa ta fi tawa, a garin nan aka haife shi.

Na gaishe shi. Na faɗi abin da ya kawo ni da sauri don kada ya riga ni wata magana. Ya durƙusa ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. Ya ce wata maƙwabciyarsa ce ta ɓoye masa shi duk shekarun nan, iyakar abin da ya rage na kantin ke nan. Ya zaro na shida, Ƙofar Ƙarƙashin Tafki. Sabo fil, ko buɗe shi ba a taɓa yi ba.

Na ce saura na bakwai.

Ya ce, "Babu na bakwai."

Na ce akwai. Ya ce babu. Mai rubutawa ya bar aiki, maɗaba'a ta ja ta ja ta rufe, a na shida aka tsaya. Ya ce, "Yayanki ya dame ni a kansa. Duk ranar da jirgin Jos ya iso sai ya zo ya tsaya ina kwance kwali. Har na gaji na ce masa, yaro, ba zai zo ba."

Raina ya ɓaci. Na ce Mista Alexander ya riƙe shi a hannunsa. Ya yi dariya ya ce Alexander bai taɓa cewa bai san abu ba tun da aka haife shi. Na ce ni da kunnena na ji shi. Na shida ya ƙare Asibi tana kulle a ƙarƙashin tafki, fiffiken zakara ya karye. A na bakwai ta bi matan garin ƙarƙashin ruwa gida-gida tana roƙon 'yan kunne da awarwaro, ta narka su ta yi masa sabon fiffike, ya yi cara tafkin ya tsage. Ta dawo gida ta tarar da uwarta tana daka, uwar ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce wanke hannu ki zo ki ci abinci.

Ina faɗa ina jin abin da nake faɗa. Wanke hannu ki zo ki ci abinci. Maganar Mama ce, kalma da kalma.

Oga Gregory ya daina dariya. Ya ce, "Labarin ya yi kyau. Amma ba a kantina aka saye shi ba."

Littafin da Yaya ke riƙewa lokacin da yake karanta mini na bakwai, a naɗe yake da takardar buhun siminti. Bai taɓa bari na taɓa shi ba. Ya ce sabo ne, zan ɓata.

Da zan tafi ya ce, "Yana ina?" Na ce yana gida, ba ya jin daɗi. Ya ce ya ji.

Lahadi, 4 ga Yuli, da yamma

Ban je sujada ba. Haushi nake ji, ban san na wa ba. Laka, da ɓeraye, da lacca, da takalmi, da idon Emilia. Abin da nake nema yana nan bayan ƙofar da nake ajiye wa ƙosai.

Ban karanta masa komai ba yau. Ya buga ƙofa sau ɗaya daga ciki wajen la'asar. Na yi kamar ban ji ba.

Talata, 6 ga Yuli, da yamma

Ruwa ba tsawa. Ya fito ya zauna a baranda ya kalli ruwan. Na kasa tambayarsa.

Lahadi, 11 ga Yuli, da yamma

Zan rubuta a jere don kada in rikice.

Bayan sujada Oga Gregory ya yi sallama a ƙofar gidanmu, da nonon ayaba a hannu. Mama ta rasa inda za ta sa kanta, ta kawo kujera, ta kawo ruwa, ta sake kawo wata kujerar. Ya ce wurin Kumai ya zo. Na ce ba ya fitowa. Ya ɗaga murya ya ce, "Kumai! Jirgin Jos ya iso, ba ka zo ba."

Ƙofa ta buɗe. Yaya ya tsaya, ya dafa katako. Ya buɗe baki ya ce, "Oga, ni ban san ko..." ya kasa ƙarasawa.

Oga Gregory ya ce, "Ban zo tambayarka komai ba. Kai ma kada ka tambaye ni. Zo ka zauna."

Suka zauna a baranda suna cin ayaba. Can na ji Oga Gregory yana cewa ƙanen matarsa haka ya dawo, ko an yar da faranti sai ya shige ƙarƙashin tebur, har aka kai shi wurin likita. Ya ce bai warke duka ba, amma yanzu yana ɗaukar 'ya'yansa. Yaya ya ce, "Yana ɗaukarsu?" Ya ce yana ɗaukarsu.

Suna nan motar Baba Meshak ta tsaya a waje. Ya shigo da ƙarti biyu, ɗaya da igiya a kafaɗa, wai ta ɗaure kaya ce. Na tare hanya na fara magana, ya ce in kauce, ba da ni yake ba. Muna ta sa-in-sa, murya tana hawa, ina tsoron abin da hayaniyar za ta tayar.

Sai Yaya ya miƙe. Ya gaishe da Baba da yarenmu, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar gona. Sannan ya ce, "Baba, Kaduna zan je. Afiniki za ta raka ni."

Baba Meshak ya dubi Mama. Mama, wadda ba ta cewa uffan, ta ce, "Ka ji abin da ya ce."

Ya fita yana faɗa, wai ya wanke hannunsa daga gidan nan. Zai dawo, na san shi.

Alhamis, 15 ga Yuli, da rana, cikin jirgi

Rubutun zai karkace, jirgi yana girgiza. Na ɗauki izini a makaranta. Yaya yana gefen taga. Da jirgin ya yi kuka a tasha ya damƙe hannuna har yanzu da shaida, amma bai tashi ba.

Bayan mun wuce Zonkwa na ce, "Yaya, wane littafi ne ka naɗe da takardar siminti?"

Ya ce, "Na lissafi. Na aji shida."

Na ce ya san yawon da na yi? Na faɗa masa duka, har motar da muka tura, har wankin hannu da sabulu, har Mista Alexander da ya riƙe shi a Zariya. Ina faɗa da haushi na gaske. Sai na ga kafaɗarsa tana motsi. Dariya yake yi. Matar da ke gabanmu da kwandon kaji ta juyo tana kallonmu.

Ya ce, "Kin ƙi cin abinci. Kina ta kuka wai an bar Asibi a cikin ruwa. Mama ta ce in ban san yadda zan yi da ke ba za ta ƙone littattafan. To, sai na fito da ita."

Na ce me ya sa bai faɗa mini ba duk kwanakin nan, yana jina ina cewa saura na bakwai.

Ya ce, "In kin samu duka za ki daina zuwa ƙofar."

Na ɓare masa gyaɗa.

Jumma'a, 16 ga Yuli, da yamma, Kaduna

Sun karɓe shi. Likitan bai yi alkawarin komai ba, ya ce wata biyu, wataƙila fiye. Ɗakin yana da tsabta, akwai wasu irinsa, ɗaya ma sun san juna tun a fagen yaƙi. Wurin yana warin magani. Ban so barinsa ba.

Na ciro littattafan shida zan bar masa. Ya mayar mini da su cikin jaka da hannunsa.

"Kai wa Larai. Ki karanta mata, zakara ta hanci." Ya riƙe bakin jakar bai saki ba. "Amma kada ki karanta mata na shida sai na dawo."

Asabar, 31 ga Yuli, da la'asar, Fadan Kaje

An kwance wa Larai hannu. Ya ɗan fi ɗayan siranta, amma da shi take buɗe shafi. Na faɗa wa Emilia saƙon, da dalilinsa. Ta juya baya tana gyara itace a murhu, ta daɗe tana gyarawa.

Yau muka gama birai. Larai ta jawo jakar ta zazzage, ta jera su a tabarma, ta ɗora yatsa a kan sabon, mai hoton tafki. Ta ce wannan take so. Na ce sai an bi layi. Ta ce to in yi sauri. Ta ce ina karatu kamar tsohuwa.

Daga madafa Emilia ta ce, "Bar antinki ta karanta yadda take so."

Na buɗe na uku. Shafi biyu kawai za mu yi yau.